Tarihin Kano ta Fuskar Rano: Sharhi a kan Labarin Ƙaruwar Ikon Sarakuna

1. Abin da ya jawo maganar

Ko wane malamin da ya taɓa tsayawa gaban ɗalibai yana koya musu labarin Hausa Bakwai ya san inda maganar ta kan sarƙe masa. Ya kan kawo Daura, da Kano, da Katsina, da Zazzau, da Gobir, ko wacce da jerin sarakunanta da labarin yaƙe-yaƙenta. In ya iso kan Rano sai ya ambaci sunan kurum, ya ƙara da cewa Zamnakogi ɗan Bawo ne ya kafa ta, kuma ita da Kano su ne sarakunan baba, watau masu rini, sa'an nan ya yi gaba. To, in akwai yaro mutumin Rano ko na Kibiya a cikin ajin, ba ya rasa yin tambaya: tun da ya ke Kano da Rano 'yan'uwa ne, yaushe ɗayar ta koma ƙarƙashin ɗayar, kuma ta wace hanya?

Littafin da malami zai buɗe domin neman amsa shi ne wanda a ke kira Tarihin Kano, gama ba mu da wani rubutaccen labari na sarakunan ƙasar nan da ya kai shi tsawo. Amma ba zai sami amsar a ciki ba sai 'yan alamu. Abin da na ke so in nuna a wannan takarda shi ne, shirun nan ba mantuwa ba ce. Littafin na fada ne, daga cikin fada ya ke duban ƙasa, ma'auninsa kuwa guda ɗaya ne, watau abin da ko wane sarki ya ƙara wa gadon sarautar Kano. Wanda ya gane wannan zai amfana da littafin ƙwarai. Wanda bai gane ba zai koya wa yara rabin labari yana tsammani duka ne. Zan kuma ɗan jawo labarin sarakunan Faransa, domin su ma an rubuta musu irin wannan littafi, kuma kwatanta biyun yana nuna abin da ɗaya kaɗai ba zai nuna ba.

2. Littafin da mai shi

Da Larabci aka rubuta Tarihin Kano. Ya ɗauko daga zamanin Barbushe da mutanen Dala, ya bi sarakuna 48 ɗaya bayan ɗaya, tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1893. H. R. Palmer ya juya shi da Turanci a 1908, daga baya R. M. East da malaman Ofishin Juye-juye na Zariya suka fitar da shi da Hausa cikin littafi na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933. Wannan juyi na Hausa shi ne ya shiga makarantu, daga gare shi kuma galibin abin da a ke koyarwa ya samo asali.

Ya kamata malami ya sani, littafin ba ya ba da shekarun Hijira ko na Miladiyya, sai dai tsawon mulkin ko wane sarki. Shekarun da mu ke amfani da su, kamar 999 na hawan Bagauda, Palmer ne ya fitar da su ta hanyar ƙidaya da baya-baya. Saboda haka na ƙarnonin farko ƙiyasi ne, da wannan sharaɗi kuwa zan kawo su a nan.

Masana sun yi saɓani a kan lokacin da aka rubuta shi. Murray Last, a 1980, ya ga cewa jigon littafin ya haɗu tun tsakiyar ƙarni na 17, daga baya aka yi ta ƙari. John Hunwick kuwa, a 1994, ya kawo hujjar cewa a zamanin Muhammadu Bello aka tsara shi, ya kuma karkata ga cewa Ɗan Rimi Malam Barka, ɗaya daga manyan bayin sarki, shi ne mai aikin. Ko wanne daga ra'ayoyin nan mutum ya ɗauka, wurin zaman marubucin bai sake ba. Mutum ne wanda ya san sarautu da darajojinsu, ya san wanda aka naɗa da wanda aka tuɓe, ya haddace kirarin sarakuna da sunayen uwayensu da na jarumansu. Irin wannan sani ba a samunsa a kasuwa ko a gona, sai a zauren fada.

3. Ma'aunin littafin

Wanda ya karanta littafin daga fari zuwa ƙarshe zai lura da wata al'ada ta marubucin: a ƙarƙashin ko wane babban sarki sai ya faɗi abin da sarkin nan ya fara yi wanda ba a taɓa yi ba. In aka tsinto waɗannan aka jera su, sai a ga sun zama labarin ƙaruwar ikon sarki, mataki bayan mataki.

Gijimasu (1095 zuwa 1134) ya fara ginin ganuwa, ɗansa Yusa ya ƙarasa. Naguji (1194 zuwa 1247) ya fara karɓar kashi ɗaya cikin takwas na amfanin gona daga manoma. Yaji (1349 zuwa 1385) ya karɓi Wangarawa da addinin da suka kawo daga Mali, ya kuma ci Santolo wadda ta gagari kakanninsa. Kanajeji (1390 zuwa 1410) ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali. A zamanin Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) Galadima Dawuda ya yi ta aiko da bayi daga kudu, har aka kafa garuruwa 21 aka zuba su a ciki. Sa'an nan Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda littafin ya lissafa masa abubuwa 12. A cikinsu akwai gidan sarauta, da kasuwar Kurmi, da Tara ta Kano, da kakaki da figini da takalman gashin jimina, da dawakin zage, da kulle, da ba babanni manyan sarautu. Bayansa Kutumbi (1623 zuwa 1648) ya fara karɓar jangali daga Fulani, Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ya fara ajiye 'yan bindiga su tsare shi.

Wannan jeri shi ne babban alherin littafin, ban kuwa ga abin da zai rage masa daraja ba. Marubucin ya gane cewa iko yana da kayan aiki: katanga, da haraji, da makami, da bawan da ba shi da uban gida sai sarki, da alamun da za su ware sarki daga sauran mutane. Maganarsa gajeriya ce, ba ya tsayawa yin wa'azi. Har ma ya kan yi gaskiyar da ba a zata daga bafade ba. Da ya zo kan hanyoyi bakwai na tara kuɗi da Muhammadu Sharefa (1703 zuwa 1731) ya ƙago, bai ɓoye cewa zalunci ne ba. Ya kuma faɗi yadda harajin Kumbari (1731 zuwa 1743) ya kusa kashe kasuwar Kurmi, har Larabawa suka tashi suka koma Katsina, talakawa suka watse cikin ƙauyuka.

Amma a lura da inda zargin ya tsaya. Marubucin ya kan ga laifin sarki in abin ya taɓa birni, da kasuwarsa, da malamansa. In sarki ya fita ya murƙushe wani sarki na ƙasa, wannan ba laifi ba ne a wurinsa, abin kirari ne. A nan ne ma'aunin ya karkace, a nan kuma maganar Rano ta shigo.

4. Rano a cikin littafin

Rano tana kudu da Kano, cikin duwatsu, ba ta fi tafiyar kwana biyu ba ga mai ƙafa. Kibiya tana gabas da ita kaɗan, Burumburum kuwa tana kudu da Kibiya. Cewa Rano ƙasa ce mai sunan kanta ba a bakin Ranawa kaɗai ya tsaya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya lissafa ta cikin ƙasashen Hausa bakwai a littafinsa Infaƙul Maisuri, Heinrich Barth ma, wanda ya zo Kano a 1851, haka ya ji ya rubuta. Sarkinta kuma ana yi masa laƙabi da Autan Bawo.

To, me Tarihin Kano ya yi da wannan ƙasa? Babban ambatonta yana farkon labarin Yaji. An ce ya kori Sarkin Rano daga Zamnagaba, ya tafi Rano, ya yi shekara biyu yana mulki a Bunu, kana ya tashi. Ke nan. Ba a faɗi sunan Sarkin Ranon ba, ba a faɗi abin da ya haɗa su ba, ba a faɗi sharaɗin da aka zauna a kai bayan yaƙin ba. Nan da nan marubucin ya juya ga zuwan Wangarawa da cin Santolo, ya ba su fili mai yawa. Alhali kuwa in labarin Bawo yana da wata ma'ana, abin da ya auku a 'yan kalmomin nan shi ne karon farko da ɗaya daga Hausa Bakwai ta danne 'yar'uwarta har abin ya ɗore. Abu mai girma haka aka wuce shi kamar an tsallake kwata.

Akwai kuma abin da ya kamata mai karatu ya tsaya a kansa. Ba a korar mutum daga inda ba ya nan. In har sai da Yaji ya kori Sarkin Rano kafin ya sami zama, ashe a tsakiyar ƙarni na 14 Rano tana da ƙarfin da za ta tsone wa Kano ido. Sarkin da ya bar birninsa ya je ya tare shekaru a kudu, ba ya yin haka sai in ƙasar ba ta kwanta ba. Marubucin bai faɗi wannan ba, amma kalmominsa sun faɗa a madadinsa.

Haka ya ke yi da sauran sarakunan ƙasa. Ba su fitowa cikin labarin sai ran da suka yi tawaye. A zamanin Dadi (1670 zuwa 1703) Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi shekara uku bai biya haraji ba, aka yaudare shi ya zo ganawa, aka kashe shi. Kumbari ya kai wa Dutse yaƙi. Babba Zaki ya faɗa wa Burumburum ya ci ta da ƙarfi, ya kama mutane da yawa, aka yanka waɗansu, sauran suka gudu. Ko sau ɗaya ba a gaya mana abin da mutanen nan su ke kuka da shi ba. Sarkin da ya hana haraji shekara uku lalle yana da dalili, yana kuma da jama'ar da suka goya masa baya. Littafin ya kira abin tawaye, ya rufe bakin magana.

Ƙarshen labarin sarakunan Haɓe kuwa yana da abin lura. Sa'ad da mayaƙan jihadi suka fitar da Muhammadu Alwali daga Kano, ya tafi Zariya, bai sami wurin zama ba, ya komo ƙasar Rano, a Burumburum aka kashe shi wajen 1807. Watau garin da ɗan'uwansa Babba Zaki ya ragargaza kimanin shekara 30 kafin nan, shi ne mafakarsa ta ƙarshe. Me ya sa ya zaɓi wannan yanki? Wace irin amana ce ke tsakanin gidan Kutumbi da mutanen kudu, wadda ta rage bayan duk abin da ya wuce? Tambaya ce da ta isa a yi mata babi guda, amma marubucin bai ɗaga ta ba, domin idonsa ya riga ya koma birni inda sabon sarki ya shiga. Mai neman labarin Kibiya da ƙauyukanta a littafin kuwa, ba zai sami abin da zai ƙosar da shi ba.

5. Madubi daga Faransa

Domin a ga cewa wannan hali ba na marubucin Kano ba ne shi kaɗai, bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa wadda tarihinta ya ke cikin manhajar makarantu da yawa. Sa'ad da Hugu Kafe ya hau gadon Faransa a 987, ikonsa na gaske bai wuce kewayen birnin Faris da Orleyan ba. Masu mulkin Normandi, da Burgundi, da Akiten, sun amsa sunan mabiyansa, amma ko wannensu da rundunarsa da shari'arsa. Luwi na 6 (1108 zuwa 1137) ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da ƙananan masu ganuwa na kusa da gida. Filib na 2 (1180 zuwa 1223) ya ƙwace Normandi a 1204, ya kuma baza wakilai masu albashi waɗanda ya ke naɗawa ya ke sauya musu wuri yadda ya so. Sharl na 7 ya riƙe wa kansa ikon tara soja a 1439, ya kafa runduna ta dindindin a 1445. Luwi na 11 (1461 zuwa 1483), wanda ya yi zamani da Rumfa, ya karɓe Burgundi bayan an kashe mai mulkinta Sharl a yaƙi a 1477. Luwi na 14 ya tare a fadar Barsai a 1682, ya tara manyan ƙasar a gindinsa. Majalisar wakilan ƙasa kuwa ba a sake kiranta ba tun daga 1614 sai 1789.

Wa ya rubuta wannan labari da fari? 'Yan zuhudu na gidan ibadar San Deni, inda a ke binne sarakunan. Shugabansu Sujer, amini kuma mashawarcin Luwi na 6, shi ya rubuta tarihin sarkin, ya zana Hugu mai ganuwar Fuise a kan ɗan fashi ne mai cutar bayin Allah. Alhali gonakin da Sujer ya taɓa riƙe wa gidan ibadarsu a Turi suna maƙwabtaka da ganuwar nan, saboda haka shi ma mai ƙara ne a cikin shari'ar da ya zama alƙalinta. Daga baya wani ɗan zuhudu na gidan, mai suna Firima, ya tattara labarun sarakunan da harshen Faransanci, ya gama a 1274, aka yi ta ƙari a kai har ƙarni na 15. A can ma sarki bayan sarki a ke bi, kuma wanda ya ja da sarki shi ne mai laifi.

Bambancin da ya shafe mu shi ne, Burgundi tana da nata marubuta. Masu mulkinta sun ajiye irin su Joj Shatelan da Olibiye na La Marsh suna rubuta abin da ya gudana ta fuskarsu. Saboda haka masanin Faransa yana iya sauraron ɓangare biyu kafin ya yanke hukunci. Mu kuwa a makarantunmu ɓangare ɗaya mu ke karantawa. Wanda ya ji ta bakin mai ƙara kaɗai bai ji shari'a ba tukuna.

6. Inda kwatancin ya tsaya

Amma fa kada kamannin nan su ruɗe mu. Akwai waɗanda suka ɗauki tsarin Turai na iyayen ƙasa da barorinsu suka ɗora wa ƙasar Hausa ɗungum, har Rumfa ya zama Luwi na 11 mai rawani. Tarihin Kano da kansa ya isa ya warware wannan, ta wurare huɗu.

Na fari, gado. A Faransa tun daga 987 har 1316 ɗa ne ke gadon ubansa ba yankewa, ba wanda ke da ikon tuɓe shi. A Kano 'ya'yan sarki da ƙannensa duka suna da rabo, manyan fada ne ke zaɓe, su kan kuma tuɓe. A 1565 aka tuɓe Yakufu da Dauda Abasama a jere, ko wanne bai cika shekara ba. Aka tuɓe Alhaji ɗan Kutumbi a 1649. A 1652 Madawaki Kuma ya fitar da Kukuna ya sa Soyaki, bayan 'yan watanni Kukuna ya komo. Ashe ikon gadon yana ƙaruwa, amma mutumin da ke kai bai tsira daga fadawansa ba.

Na biyu, waɗanda sarki ya jingina da su. Sarakunan Faransa sun ɗauko masana shari'a da 'ya'yan attajirai domin su rage ƙarfin manya. Sarakunan Kano bayi da babanni suka ɗauko. Baba ba shi da ɗan da zai gaje shi, bawa ba ya neman gadon sarauta, don haka amanarsu ta fi ta ɗan'uwa. Wannan dabara ta tsallake jihadi ma, gama Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846), bayan ya sha fama da tawaye, ya farfaɗo da sarautun Haɓe, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suka sake zama ginshiƙan fada. Shehu Magili, wanda ya rubuta wa Rumfa littafi a kan wajiban sarakuna, ya yi ta gargaɗin kada sarki ya sa labule tsakaninsa da talakawa. Da yawa daga abubuwan da Tarihin Kano ya yaba wa Rumfa a kansu kuwa labule ne. Marubucin bai ga karo a nan ba, domin shi yana cikin labulen.

Na uku, ƙasa da mutane. A Faransa filin noma a ke faɗa a kai. A ƙasar Hausa ta dā fili yana da yalwa, hannun da zai nome shi ne ke da wuya. Shi ya sa Galadiman Burja bai kawo wa sarki ƙasa ba, mutane ya kawo. Shi ya sa kuma talaka ya ke da makami guda wanda ba a iya ƙwacewa, watau ƙaura, kamar yadda aka gani a zamanin Kumbari.

Na huɗu, wanda ke bisan sarki. Masana shari'ar Faransa sun kafe a kan cewa sarkinsu ba shi da na gaba a duniya. Sarkin Kano kuwa, littafin da kansa ya ce tun Burja aka fara kai gaisuwa Barno, bayan jihadi kuma daga Sakkwato a ke tabbatar da naɗi. Wanda ke karɓar gaisuwar Rano shi ma yana da inda ya ke kai tasa.

Wannan na huɗun yana taimaka mana mu gane matsayin Rano. Yaji bai shafe sarautarta ba, waɗanda suka biyo shi ma ba su shafe ba. Sarkin Rano ya ci gaba da amsa sunan sarki, tare da na Gaya da Dutse da Ƙaraye, cikin manyan sarakunan ƙasar Kano. Iko a nan hawa-hawa ne, ko wane hawa yana da haƙƙi da wajibi. Littafin ya nuna mana wajibin na ƙasa, ya yi shiru a kan haƙƙinsa.

7. Abin da ya rataya a wuyan malamai

Maganar nan ba ta tsufa ba. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 aka yanka ƙasar gunduma-gunduma, Sarkin Rano ya zama ɗaya daga hakimai. A 2019 gwamnatin Jihar Kano ta kafa masarautu huɗu, Rano da Gaya da Ƙaraye da Bici, aka ba Alhaji Tafida Abubakar Ila sandar Rano, ya rasu a 2020. A watan Mayu na 2024 aka soke dokar, a watan Yuli na shekarar kuma aka yi wata wadda ta mai da Rano masarauta mai daraja ta biyu, ta haɗa Rano da Bunkure da Kibiya. A cikin gardamar da aka yi ta yi a shekarun nan ko wane ɓangare tarihi ya jawo. Masu son Kano ta zauna dunƙule suka nuna jerin sarakuna tun daga Bagauda, masu son rabuwa suka nuna Bawo da 'ya'yansa. Ba aikin wannan takarda ba ne ta raba gardamar. Amma ɗaliban da mu ke horarwa su ne za su gaji irinta, ya kuwa kamata su san iyakar abin da littafin zai iya shaida.

Shawarata uku ce. Ta fari, a riƙa karanta littafin a aji tare da taswira, ɗalibi ya sa alama a kan ko wane gari da aka ambata, ya rubuta dalilin ambatonsa. Da kansa zai ga cewa garuruwan ƙasa da yaƙi su ke shiga labarin, da yaƙi su ke fita. Ta biyu, a ko wane wuri da aka ce wane ya yi tawaye, a sa ɗalibi ya duba harajin da aka ƙago a zamanin, ya gwada ko akwai dangantaka. Ta uku, wadda ta fi gaggawa, ɗaliban da suka fito daga kudancin Kano su yi amfani da hutunsu wajen rubuta abin da ke bakin dattawa da makaɗa da maroƙa: jerin sarakunan Rano da kirarinsu, sunayen ƙofofi da unguwanni da kufai, wuraren tsofaffin marina, wanda ke naɗa dagacin ko wane gari da inda a ke kai gaisuwarsa, da abin da a ke tunawa na hare-haren Ningawa a ƙarni na 19. A rubuta sunan mai ba da labari da matsayinsa, gama wannan shi ne abin da marubucin Tarihin Kano ya hana mu.

Sai dai a yi hattara da abu guda. Labarin fadar Rano shi ma labarin fada ne. Yadda Kano ta dubi Rano daga sama, haka mai yiwuwa ne Rano ta dubi Kibiya da Rurum da sauran garuruwan da ke ƙarƙashinta. Wanda ya tsaya a zauren Autan Bawo ya ce ya gama, ya maimaita kuskuren da mu ke zargi, sai dai a ƙaramin fili. Sai a ji ta bakin mutanen Kibiya a Kibiya.

In yaron nan ya sake ɗaga hannu, ga abin da malami zai iya gaya masa da gaskiya. Bisa ga littafin fadar Kano, a zamanin Yaji, wajen tsakiyar ƙarni na 14, aka rinjayi Sarkin Rano. Sarautar ba ta mutu ba, ta zauna ƙarƙashin Kano da sunanta. Wanda ya ba da labarin mutumin Sarkin Kano ne, kuma ya ba da shi a taƙaice. Sauran labarin yana garinsu, a je a ɗauko shi tun masu shi suna da rai.